Garken da muke kiwo a cikin hanjinmu: ƙiba da ciwon daji

Kowane makiyayi ya san saniya ciyawa take ci, ta ba da nono da nama. Mutum kuwa ko ya ci ciyawar nan ba ta yi masa amfanin komai. Ina bambancin yake? A cikin tumbin saniya akwai wasu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Su ne suke narkar mata da ciyawa. Irin waɗannan halittu ne suke sa madara ta yi tsami ta koma nono, su ne kuma suke nunar da daddawa. Likitoci suna ce musu bakteriya.

Mun saba jin cewa bakteriya cuta suke kawowa. Gaskiya ne wasunsu suna kawo kwalara da zazzaɓin taifot da tarin fuka. Amma mafi yawansu ba su cutar da kowa, wasu ma ba mu iya zama lafiya sai da su. Mutum ma yana da nasa garken, kamar saniya. Wani lissafi da masana suka yi a shekarar 2016 ya nuna cewa a jikin babban mutum akwai bakteriya wajen miliyar 38,000. Duk da wannan yawa, nauyinsu bai wuce giram 200 ba, kwatankwacin albasar Galmi guda. Kusan dukansu a cikin babban hanji suke zaune, wato ƙarshen hanji, inda saurar abinci take taruwa kafin ta fita. A nan za mu riƙa ce musu ƙwayoyin hanji.

Cikin shekaru ashirin da suka wuce, masu bincike sun gano cewa wannan garke yana da hannu cikin abubuwa biyu: ƙiba da ciwon daji. Maganar ta shafe mu, domin cimarmu tana sauyawa. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, farar shinkafa da taliya da burodi da soye-soye suna ture tuwon hatsi da fura daga kwanon gidaje da yawa.

Mene ne ciwon daji?

Jikin mutum kamar ɗaki ne da aka gina da tubali, sai dai tubalan jiki masu rai ne. Ana ce musu ƙwayoyin jiki. Suna rabuwa biyu su hayayyafa, su tsufa, su mutu, sababbi su maye gurbinsu. Fatar cikin hanji ma kowane kwana 3 zuwa 5 sabuwa ce. A cikin kowace ƙwaya akwai wani tsari da ke gaya mata lokacin da za ta rabu da lokacin da za ta dakata. Idan wannan tsari ya lalace, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa babu tsayawa. Ta haka ƙari yake fitowa, ya ci naman da ke kewaye da shi, daga baya ya bi jini ya tafi wani wuri. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu ke ce wa sankara, wasu kansa. Ba a ɗaukar sa wajen zama da mai shi ko cin abinci tare da shi. Kuma ba ya tasowa dare ɗaya: sau da yawa ɓarnar tana taruwa shekara goma ko ashirin kafin mutum ya ji wani abu.

Ƙiba ba rumbu ba ce

A wurinmu ƙiba abin yabo ce. Namiji in ya aje tumbi sai a ce ya samu. Amarya in ta yi jiki sai a ce gidan miji ya karɓe ta, in ta rame kuma sai a shiga zargin miji da dangin miji. Ba mu ga laifin kakanninmu ba da suka ɗauki abin haka. Mutanen da suka ga fari da yunwa, dole su girmama jiki mai kauri. A zamaninsu mai ƙiba ɗaya ne cikin gari, kuma shi ma da ƙafa yake zuwa gona.

Yau lamarin ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai wata cibiya ta wannan hukuma mai binciken ciwon daji. A 2016 ta tara masana suka duba bincike fiye da 1,000, suka tabbatar cewa yawan kitse a jiki yana ƙara hatsarin ciwon daji iri 13. A cikinsu akwai na babban hanji, na hanta, na maɗaciya, na ƙoda, na cikin mahaifa, da na nono ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Wannan ba ya nufin duk mai ƙiba zai kamu, ko kuma siriri ya tsira. Ma'anarsa ita ce, in aka ɗauki masu ƙiba dubu da marasa ƙiba dubu, za a fi samun ciwon a cikin masu ƙibar.

Da can ana zaton kitse ajiya ce kawai, kamar hatsi cikin rumbu, yana kwance sai ranar buƙata. Ashe ba haka ba ne. Kitse, musamman wanda ke cikin ciki kewaye da hanji da hanta, yana fitar da wasu sinadarai cikin jini dare da rana. Suna sa jiki cikin wani kumburi na ɓoye, wanda ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, amma ba ya warkewa. Yawan kitse kuma yana sa insulin ya yi yawa cikin jini. Insulin shi ne sinadarin da ke daidaita sukari a jiki, amma yana kuma zuga ƙwayoyin jiki su yi ta rabuwa. Ga mata akwai ƙari a kan wannan. Bayan al'ada ta ɗauke, kitse ne yake ci gaba da yin sinadarin mata, wanda ake ce wa estirojen. In ya yi yawa sai ya riƙa tsokanar nono da fatar cikin mahaifa.

To ina ƙwayoyin hanji suka shigo? A 2006, a birnin Sen Luwis na Amurka, masu bincike suka ɗebi ƙwayoyin hanjin ɓeraye masu ƙiba, suka sa wa wasu ɓerayen da aka rena babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsu. Cikin mako biyu waɗannan suka fi tara kitse bisa ga ƴan uwansu da aka sa wa ƙwayoyin siraran ɓeraye. Tun daga nan aka gane cewa garken mai ƙiba daban yake da na siriri. Saura a san ɓarnar da yake yi.

Abin da ɓerayen Japon suka nuna

Kowane mahauci ya san maɗaciya, ƴar jakar nan mai koren ruwa da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Hanta ce take yin ruwan, maɗaciya ta aje shi. In mutum ya ci abu mai maiƙo, sai ta matso ruwan cikin hanji. Aikinsa kamar na sabulu ne a kan kwano mai mai: yana farfasa maiƙon har jiki ya iya tsotse shi. Jiki ba ya wasa da wannan ruwa. Wajen kashi 95 cikin 100 ana sake tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji, a mayar wa hanta. Ɗan abin da ya saura shi ne yake wucewa babban hanji.

A can ne wasu daga cikin ƙwayoyin hanji suke tarar sa, su juya shi ya koma wani abu mai kaifi. Masana suna ce masa DCA. Mu ce masa gurɓataccen ɗaci. Wannan ɗaci yana iya lalata tsarin nan da ke cikin ƙwayoyin jiki. Wani kashi nasa kuma ba ya fita da bayan gida: yana shiga jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta.

A shekarar 2013 wani masani mai suna Eiji Hara da abokan aikinsa, a wata cibiyar binciken ciwon daji ta birnin Tokiyo, suka bayyana wani gwaji da suka yi. Sun ɗauki jariran ɓeraye suka shafa musu ɗan wani sinadari mai tsokano ciwon daji. Sai suka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba su abincin ɓera na kullum. Ɗaya kashin aka ɗura musu abinci mai maiƙo har suka yi ƙiba. Bayan mako 30 aka duba. Ɓerayen nan masu ƙiba, dukansu sun kamu da ciwon dajin hanta. Sirarran kuwa hantarsu lafiya lau, alhali sinadari guda aka shafa musu.

Masanan ba su tsaya nan ba. Da suka duba hanjin masu ƙibar, sai suka tarar irin ƙwayoyin da ke juya ruwan maɗaciya sun yi yawa, gurɓataccen ɗaci kuma ya ƙaru cikin jininsu. Da ya isa hanta sai ya tsofar da wasu ƙwayoyinta tun kafin lokacinsu. Ƙwayoyin ba su mutu ba, ba su kuma ci gaba da aikinsu ba. Sai suka zauna suna fitar da sinadaran kumburi, kamar garwashin da aka rufe da toka a gindin dangar kara. Cikin wannan kumburi ne ƙarin ya samu wurin tsirowa. Don su tabbata, suka ba wasu ɓerayen masu ƙiba maganin kashe waɗannan ƙwayoyi. Ƙiba tana nan, amma ciwon ya ragu ƙwarai. Ke nan ba kitse kaɗai ya yi aikin ba, da taimakon garken ciki aka yi shi.

Ɓera ba mutum ba ne, wannan gaskiya ne. Amma masanan sun ga irin waɗannan tsofaffin ƙwayoyi a hantar mutane masu ciwon dajin da ya biyo bayan taruwar kitse a hanta. An kuma daɗe da sanin cewa mutum in ya yawaita cin maiƙo, gurɓataccen ɗaci yana ƙaruwa a bayan gidansa.

A nan sai mu yi hattara da abu ɗaya. A Nijar ciwon dajin hanta yana cikin waɗanda suka fi kama maza, kuma ba ƙiba ce babban dalilinsa ba. Manyan dalilansa biyu ne. Na farko ciwon hanta na B, wanda sau da yawa ake ɗauka tun ana jariri. Na biyu gubar fumfuna, wadda ake ce wa afalatoksin, mai fitowa a gujiya da masara in an aje su da danshi. Tun 2008 allurar rigakafin ciwon hanta na B tana cikin alluran jarirai a ƙasarmu, amma manyan yau mafi yawansu an haife su kafin nan. Hantar da take fama da waɗannan biyu, in aka ɗora mata kitse da gurɓataccen ɗaci, an yi wa jaki mai gyambo lodi ke nan. Wanda aka auna aka ce yana da ciwon hanta na B ya fi kowa buƙatar kiyaye tumbinsa. Manomi kuma ya shanya gujiyarsa ta bushe sarai, ya tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci ya zubar, kada ya tura su wajen masu ƙuli-ƙuli.

Musayar abinci ta mako biyu

Wani likita ɗan ƙasar Ailan, Denis Barkit, ya yi aiki wajen shekara 20 a Yuganda. Ya lura cewa da wuya ya ga mutumin ƙauye da ciwon dajin babban hanji, alhali a Ingila ciwon ya yi yawa. A 1971 ya rubuta cewa dalilin yana cikin abinci. Mutanen ƙauye suna cin hatsi da dusarsa, da wake da ɓawonsa, da ganye mai zare-zare. Waɗannan abubuwa hanjin mutum ba ya narkar da su. Likitoci suna ce musu fibir, mu kuwa mu ce dusar abinci. Barkit ya ce dusar nan tana sa bayan gida ya yi yawa ya yi laushi, ya fita da wuri, dattin bai daɗe yana gugar hanji ba.

Ya yi gaskiya, amma akwai saura. Dusar da muke gani kamar ba ta da amfani, ita ce harawar garkenmu. Ƙwayoyin hanji na kirki suna cin ta, su fitar da wani abu mai suna butirat. Butirat shi ne babban abincin fatar babban hanji. Yana ƙarfafa ta, yana kwantar da kumburi, yana kuma taimakawa a kashe ƙwayar jikin da ta fara lalacewa. In dusa ta yi ƙaranci sai waɗannan ƙwayoyi su ragu, wasunsu ma su koma cin majinar da ke kare bangon hanji.

A 2010 wasu masana ƴan Italiya suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Fulorans. Yaran Bulpon cimarsu irin tamu ce: hatsi, dawa, wake, miyar ganye. An samu garkensu ya fi yawan iri, akwai kuma wasu ƙwayoyi gwanayen narkar da dusa waɗanda ba a gani ba sam a hanjin yaran Italiya. Butirat da danginsa ma sun fi yawa gare su. A 2017 masanan suka ƙara da yaran garin Nanoro da na Wagadugu. Sai aka ga garken yaran babban birni, masu cin shinkafa da burodi da mai da sukari, ya kama hanyar zama irin na yaran Italiya. Wagadugu ba ta da nisa da Yamai, ga tafiya ko ga cima.

Gwajin da ya fi ba mu mamaki shi ne na 2015. Wani likita mai suna Istifan Okif ya ɗauki baƙaƙen fata 20 na birnin Pitsbag a Amurka, da mutanen ƙauye 20 na yankin Kwazulu a Afirka ta Kudu, dukansu masu shekara 50 zuwa 65. Ya zaɓe su ne domin ciwon dajin babban hanji yana kama wajen mutum 65 cikin 100,000 na baƙaƙen Amurka, amma a ƙauyukan Afirka ta Kudu bai kai 5 ba. Da farko aka leƙa hanjin kowa da wata ƴar na'ura mai fitila. An samu ƙananan tsiro, irin waɗanda kan rikiɗe su zama daji, a hanjin Amurkawa 9. Ba a samu ko ɗaya ba ga mutanen ƙauye.

Sai aka yi musu musayar abinci har mako biyu. Amurkawa suka koma cin tuwon masara da wake da kuɓewa da ganye. Dusar da suke ci a yini ta tashi daga giram 14 zuwa 53. Mutanen ƙauye kuma aka ba su soyayyen nama da soyayyen dankali da sauran maiƙo, tasu dusar ta faɗo daga giram 66 zuwa 12. Da aka sake dubawa, butirat na Amurkawa ya ninka sau biyu da rabi, gurɓataccen ɗaci ya ragu da kashi 70 cikin 100, kumburin hanjinsu ya kwanta. Mutanen ƙauye kuwa butirat ɗinsu ya ragu da rabi, gurɓataccen ɗaci ya ninka sau da yawa, fatar hanjinsu ta shiga rabuwa da gaggawa. Babu wanda ya kamu da ciwon daji cikin mako biyu, amma alamomin hanyarsa sun bayyana.

Abu biyu muka gani a nan. Kariyar da mutumin ƙauye yake da ita ba a jininsa take ba, a tukunyarsa take, kuma ranar da tukunya ta sauya kariyar ta kama hanyar tafiya. Amma wanda ya riga ya saba da maiƙo, shi ma garkensa yana amsa sabuwar harawa cikin ƴan kwanaki.

Dusa ga tunkiya, farin gari ga maigida

Mu dubi gidajenmu. Ana surfa hatsi har ya yi fari fat, a bushe dusar a ba ragon turka. Ragon ya samu rabon garkensa, maigida ya hana nasa. Ba mu ce a daina surfe ba, domin yana fidda datti, kuma hatsin da ya yi fumfuna gubarsa ta fi taruwa a dusa. Amma hatsi mai kyau, busasshe, surfe kaɗan ya ishe shi. A cikin giram 100 na hatsin da ba a surfa ba akwai dusar abinci wajen giram 10. Busasshen wake ma haka. Farar shinkafa kuwa giram 1 ne da ɗan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar giram 25 ko fiye a yini, tare da giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace.

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya. Sai dai da yawa daga cikinmu kayan sayarwa muka ɗauke shi: ana kwashe shi tiya-tiya a kai kasuwa, a sayo shinkafar waje da kuɗin. Kowane gida ya kamata ya keɓe buhun ci kafin ya keɓe na sayarwa. Mai dafa shinkafa ya haɗa ta da wake. Ga zogalen Jiratawa, ga tafasa da yakuwa da rama da kuka, ga ayar ƙasar Maraɗi, ga goruba da magarya. Farin garin ƴaƴan kuka, wanda ake zubawa cikin nono, kusan rabin nauyinsa dusar abinci ce. Kwaɗon ganye ba abincin talauci ba ne, ko da yake wasu ƴan birni sun fara jin kunyarsa. Sai dai a sassauta hannu wajen zuba masa mai.

Nama yana da amfani, mafi yawan mutanenmu ma ba su samun isasshe. Maganar ta masu hali ce, masu tsire da balangu kowane dare. A 2015 cibiyar Liyon ta ce naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe, irin naman gwangwani da sosis da busasshen nama, yana jawo ciwon dajin babban hanji: mai cin giram 50 kullum hatsarinsa yana ƙaruwa da kashi 18 cikin 100. Kilishi na tsaraba da na ranar salla ba shi ne abin tsoro ba, cin yau da gobe ake nufi.

Sukari kuma ta ɓarauniyar hanya yake shiga. Kwalbar lemu mai santilitir 33 tana ɗauke da wajen giram 35, kamar dunƙulen sukari 7. Iyakar da hukumar lafiya ta sa wa babban mutum ita ce wajen giram 50 a yini. Sai mai zaman fada ya lissafa abin da ake zubawa cikin shayi, daga na fari zuwa na uku, safe da maraice. Da can mai zuwa kasuwa da ƙafa yake zuwa. Yanzu kabu-kabu na ƙofar gida. Abin da ake so ga babban mutum shi ne aƙalla minti 150 a mako na tafiya da sauri ko aikin ƙarfi. Mai noma da mai daka da mai jan ruwa sun wuce haka nesa. Ɗan kasuwa mai yini kan benci da ma'aikacin biro su ne abin ya shafa.

Akwai magunguna iri biyu da muke roƙon jama'a su yi nesa da su. Na farko ƙwayoyin sa ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, waɗanda ƴan mata da amare suke saye wurin masu talla. Wasu an yi su ne don ƙaiƙayi, suna buɗe ciki. Wasu kuma magunguna ne masu ƙarfi na fuka da kumburi. Waɗannan suna kumbura fuska, su tara kitse a ciki, daidai inda ya fi ɓarna, su jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi. Iyaye mata da surukai da mazaje suna da hannu a nan, domin gorin rama ne yake tura yarinya wurin mai talla. Na biyu kafso, wato antibiyotik. Kada wani ya ji labarin ɓerayen Japon ya ce bari ya sha kafso ya wanke cikinsa. Kafso ba ya tantance na kirki da mugu. Shan ƴan kwanaki yana rage garke ƙwarai, wasu irin kuma sai su yi watanni ba su dawo ba. Ba a shan sa sai likita ya rubuta.

Wannan magana duka ta manya ce masu yawan kitse. A ƙauyukanmu tamowa ta fi ƙiba kashe yara. Yaro ƙarami yana buƙatar kunu mai kauri da mai da gujiya da ƙwai, cikinsa bai isa ɗaukar dusa da yawa ba. Mai ciki da mai shayarwa ma ba a rage musu abinci.

Awo da igiya

Ba sai da sikeli ba mutum zai san inda yake. A samu igiya, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a yanke. A ninka ta biyu. Sai a zagaya ta a ciki, ɗan sama da cibiya kaɗan, ba tare da an shanye ciki ba. In bakin igiya ya haɗu, kitsen ciki bai wuce kima ba. In ya kasa haɗuwa, kewayen ciki ya fi rabin tsawo, lokacin ragewa ya yi. Mai tsawon santimetir 170, kewayen cikinsa kada ya kai 85. Wannan awo ba na mai ciki ba ne. Ragewa kuma a hankali ake yin ta, da sauya cima da motsa jiki, ba da magungunan zawo ba.

Ramar da ta zo da kanta, ba tare da mutum ya rage ci ba, ita kuma ba abin murna ba ce. Tana cikin alamomin da ya kamata a kai gidan likita da wuri. Sauran su ne jini a bayan gida, zawo ko taurin ciki da ya wuce mako uku, ƙullutu a nono ko a hammata, zubar jini ga macen da al'ada ta riga ta ɗauke mata, da kumburi ko nauyi ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Jinin bayan gida shi ya fi yaudarar mutane. Nan da nan sai a ce basir ne, a yi shekara ana shan sassaƙe da jiƙo, alhali ƙari ne yake girma. Sau da yawa basir ɗin ne, amma dubawar likita ce kaɗai take rarrabewa, balle ga wanda ya wuce shekara 45. Ƙaramin tsiro in an gan shi da wuri ana cire shi kafin ya zama daji.

Ana farawa daga gidan likita mafi kusa. Su ne za su ba da takardar zuwa asibitin gunduma ko ta jiha in akwai buƙata. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda tun 2021 take da na'urar ƙona ƙari da haske, aikin da a da sai an fita waje. Mai zuwa can ya riƙe takardar da aka tura shi da ita, da sakamakon duk awon da aka taɓa yi masa, da kwalayen magungunan da yake sha, har da waɗanda ya saya wurin masu talla.